Juma'ar Da Na Goge Muryar Malam

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku, masu tambaya ko lafiya na yi shiru haka. Jiki dai lafiya lau. Wadda ta faɗo shafin nan yau ba ta san ni ba, sunana Zakiyya, a unguwar Ɗan Iya nake a nan Bauchi, gidan mahaifina. Da komai ya tafi yadda aka tsara, da yanzu albishir nake muku cewa an sa mana rana. Ga shi kuwa ina zaune a bakin gado, leshin da aka ɗinka min yana rataye a jikin ƙofar wadirof ko gwada shi ban sake yi ba.

Dole in fara da aikina, ku yi haƙuri, don in ba ku gane shi ba ba za ku gane abin da ya same ni ba.

Ina aiki a wani ɗan kamfani da ke riƙe wa makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci bayanansu, sakamakon jarrabawa, katin marasa lafiya da makamantansu. A bayan ofishinmu akwai wani ɗaki mai sanyi kamar cikin firji, a nan manyan kwamfutocin da ake kira saba suke ta gurnani ba hutu. Kowace saba ana iya yanka ta gida-gida a fitar da ƙananan kwamfutoci a cikinta. Ba ka ganinsu da ido balle ka taɓa, amma kowacce tana da sunanta da adireshinta, tana kuma aiki kamar kwamfutar da ke kan teburinka. Mu a ofis babbar muna ce mata uwa, ƙananan kuma 'ya'ya.

Muna da manhaja da ke yi wa 'ya'yan nan hidima. Ita ke sabunta su, ita ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, ita ke goge wanda aka ce ta goge. Aibinta ɗaya, makauniya ce. Ba ta san kowane ɗa ba sai wanda aka rubuta mata sunansa da hannu. In an ƙirƙiri sabo aka manta ba a rubuta ba, haka zai zauna ba mai leƙa shi. Bara an manta da na wata makaranta, ɓarayi suka shige shi suka yi ɓarna, Oga Mansir mai kamfanin ya kusa rasa kwangilar. Tun daga lokacin na sa wa raina sai na yi wa manhajar nan ido.

Na ɗauki watanni ina fama. Abin da na rubuta shi ne ɗan tsari da zai riƙa zuwa wurin uwa da kansa yana tambayarta su wa ke cikinta a yanzu. Uwa ta faɗa masa, shi kuma ya duba alamar da ke manne da kowane ɗa ya raba su. Masu alamar aiki a gefe guda, a lallaɓa su. Masu alamar gwaji a gefe guda. Su na gwajin dama ƙa'idar ofis ce duk Juma'a a share su tas a sake gina su, tunda na koyon hannu ne, ba a ajiye komai a kansu, ba a kuma yi musu kwafin ajiya. Da tsarina babu sauran ɗan da zai ɓuya. Ina alfahari da wannan magana a lokacin, har a nan shafin na taɓa faɗa muku.

To, a ofishin nan na haɗu da Musaddiq.

Shi ke jan waya da haɗa sabis, shi ake turawa duk inda abokin hulɗarmu ya samu matsala. Ɗan cikin gari ne, ɗan marigayi Malam Nu'uman, wanda ya shekara da shekaru yana ba da karatu a zauren gidansa. Musaddiq ba shi da yawan magana. Kullum cikin yadi mara ado, hannun riga a naɗe, hularsa a ɗan karkace ba don gayu ba sai don mantuwa. Bai taɓa tsayawa ya zuba min kalaman soyayya ba. Abin da na sani shi ne na fara tarar da masa mai zafi a leda a kan teburina da safe, da ɗan ƙullin yaji a gefe, in na ɗaga kai sai in ga ya duƙufa a kan wata waya kamar ba shi ba. Saƙonsa na farko da ba na aiki ba cewa ya yi: "Na ga kin bar masar jiya. Ko in canza mai tuya?" Na yi ta dariya ni kaɗai a cikin keke har direba ya waigo.

Akwai wani aiki da ya fi komai muhimmanci a wurinsa. Mahaifinsa ya bar akwatin ƙarfe cike da kaset na karatunsa, waɗanda wani ɗalibinsa ya riƙa ɗauka a gida. Malam bai yarda a yaɗa su ba a rayuwarsa, don haka babu su a kasuwa, babu su a wayar kowa. Kaset ɗin sun fara lalacewa, shi ne Baffa Bakari, ƙanen Malam, ya damƙa wa Musaddiq akwatin ya ce ya mayar da su cikin kwamfuta kafin su mutu. Ya daɗe yana yi, ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna gama juyawa zaren yake tsinkewa, wato jin ƙarshe ke nan da aka yi musu.

Wata rana da tsakar rana ofis ba kowa, ya jona faifan ajiyarsa da yake zuba karatun a ciki ya miƙo min abin sa wa a kunne. Na ji murya mai kauri, a natse, tana fassara wani babi a kan haƙƙin maƙwabci. Can sai Malam ya yi tari, ya ce, "Kai Musaddiq, rufe mana ƙofar nan, awaki za su shigo." Aka ji ƙarar ƙofa da 'yar dariyar ɗalibai. Na kalle shi, ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce lokacin ko makaranta ba a sa shi ba. Ranar na san na gama yanke shawara a kansa.

A gida kuwa ba a gama ba. Umma tana da nata ɗan takarar, Mahfuz, ɗan ƙawarta, wanda ya gama gininsa a Gwallameji har da tayil a tsakar gida. Ba mutumin banza ba ne, kar in zalunce shi. Yana zuwa da motarsa mai ƙamshi, ya gaida Umma har ƙasa, ya yi min hirar filaye da farashin siminti. Ni dai in yana magana hankalina yana can wani wuri. Ga kuma ƙanwata Yasmin da nata manemin a tsaye, Abba ya ce ba za a yi na ƙarama a tsallake babba ba. Don haka duk wanda ya kalle ni a gidan nan, kallon wadda ta tare hanya yake min. Da ƙyar, da addu'a, da sa bakin wata gwaggona, Abba ya ce Musaddiq ya turo magabatansa. Aka tsayar da wata Asabar, Baffa Bakari ne zai jagoranci zuwan.

Umma ko ba ta so, ba ta yarda a ga kasawarta. Aka sauke labulen falo aka sa sababbi ruwan toka, aka kai kafet wanki, aka soya cincin da dubulan aka cika bokitai, aka sayo turaren wuta na musamman. Ni kuma ta kai min leshi ruwan zuma wurin tela, ta ce ko ba za a gan ni ba dole in yi kyau a cikin ɗaki, saboda mata za su shigo.

Juma'ar da ta rage mako guda a zo, ita ce ranar da za a saki tsarina.

Kafin mu saki kowane sabon abu, mukan sa shi ya yi aikin da baki kawai, ya faɗi abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Na yi hakan da safe. Ya je wurin uwa ya dawo da 'ya'yanta duka, kowanne a rukuninsa, gwanin sha'awa. Sai dai a cikin na gwaji na ga wani da ban sani ba. Sunansa gwaji-tsoho, cikinsa a cike fam, kuma babu shi a cikin waɗanda aka taɓa rubutawa da hannu. Wato tsohuwar manhaja ba ta taɓa sanin da zamansa ba.

Na ɗauki hotonsa na tura a guruf ɗin ofis na tambaya ko na wane ne. Patience, wadda teburinta ke kusa da nawa, ta leƙo ta ce tana jin na wani ɗan bautar ƙasa ne da ya yi aiki da mu ya tafi, don shi ya saba barin tarkace. Musaddiq ba ya nan, tun da sassafe aka tura shi wani asibiti a ƙauye can bayan Darazo inda babu sabis. Na tura masa shi kaɗai: "Ka san wannan?" Saƙon ya tsaya da alama ɗaya, bai shiga ba. Na kira, aka ce ba a samun sa.

Da aka sauko daga masallaci Oga Mansir ya tsaya a kaina yana gyara babbar riga. Na nuna masa. Ya ce ai amfanin abin ke nan, ya tono irin waɗannan da ke cin wuri a banza, kuma duk abin da ke da alamar gwaji kowa ya san hukuncinsa. Yana so ranar Litinin ya nuna tsarin ga wasu sababbin abokan hulɗa, don haka in saki kawai.

'Yan uwa, zan iya cire shi. Layi ɗaya zan rubuta in ce a tsallake wannan sai mai shi ya yi magana. Na ma ɗora yatsuna a kan madannai. Sai wayata ta yi ƙara, Umma ce, wai tela ya ce in ban zo gwaji yau ba zai tafi ɗaurin aure Azare, kuma kar in sake in ɓata mata shiri. Na kalli agogo, na kalli Oga, na ce a raina tarkacen ɗan bautar ƙasa ne. Na danna.

Rubutu ya riƙa gangarowa kore shar, ɗa bayan ɗa, an share, an gina, an share, an gina. Ko tuntuɓe bai yi ba. Patience ta rungume ni, Oga ya aika aka sayo wa kowa fura da nono mai sanyi, ya ce daga yau babu mai sake rubuta suna da hannu a ofishin nan. Na ja mayafina na fita ina jin kamar ƙasa ba ta ɗauke ni.

Ina shagon tela a Fadaman Mada, wayata a cikin jaka, ana ta sa min fil a kafaɗa ana cewa a rage nan a ƙara can. Rigar ta zauna ɗas. Sai da na fito na tsayar da keke bayan la'asar sannan na duba waya. Kiran Musaddiq ne jere, da saƙonni.

"Zakiyya kar ki taɓa shi."

"Nawa ne."

"Karatun Baba ne a ciki, gaba ɗaya."

"Kin ga saƙona?"

"Don Allah ki ɗauka."

Ban san lokacin da na ce wa mai keke ya tsaya ba. Na sauka a gefen titi da ledar ɗinki a hannu, na kira shi. Yana ɗauka ya ce, "Kin saki?" Na ce eh. Ina jin ƙarar motar da yake ciki da muryar wata mata tana rarrashin ɗanta. Can ya ce, "To. Sai na iso." Ya kashe.

Washegari da safe muka haɗu a ofis, ni da shi da Patience. Mun yi duk abin da muka sani. Matsalar ita ce ba gogewa kawai aka yi ba, an gina sabon ɗa a daidai wurin da tsohon yake, ya kwanta a kansa. Patience ta kira wani da ta sani a Abuja wanda sana'arsa ke nan tono abin da aka goge, ya sa muka tsayar da duk wani aiki a kan sabar, ya shiga daga can ya yini yana lalube. Abin da ya iya fitarwa guntaye ne, in ka kunna sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, babu ko kalma ɗaya da za ka kama. Ya ce mu yi haƙuri.

A ɗakin sabar nan mai sanyi Musaddiq ya faɗa min yadda aka yi. Faifan ajiyarsa ne ya faɗo daga kan tebur watannin baya ya fara ƙara, ya yi sauri ya kwashe komai ya zuba a cikin ɗan nan kafin faifan ya mutu, da niyyar in ya sayi sabo ya mayar. Ya sa masa alamar gwaji ne don kar ya shiga cikin kayan abokan hulɗa, kuma ya san tsohuwar manhaja ba ta taɓa abin da ba a rubuta mata ba. Ya san ina gina tsarina, amma a zatonsa sai wata mai zuwa za a sake shi. Bai faɗa min ba don yana so ya gama tace muryar, ya ba Hajja mahaifiyarsa da ni a rana ɗaya, ranar da aka ɗaura mana aure. Na tambaye shi kaset ɗin fa. Ya ce waɗanda ba su tsinke ba, ruwan daminar bara ya bi ta rufin ɗakin ajiya ya shiga akwatin, sun manne sun yi fumfuna. Bai damu ba a lokacin, tunda ya riga ya kwafe.

Na durƙusa a kan tayil ɗin nan mai sanyi ina kuka ina ba shi haƙuri. Ya tsaya nesa kaɗan, hannunsa a aljihu.

"Ki tashi, Zakiyya. Ba laifinki ba ne. An ce ki gina abin da zai nemo kowa, ya nemo. Ni ne na ɓoye abu a inda bai kamata ba."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

A gidansu bai ambaci sunana ba. Ya ce musu shi ne ya yi kuskure a wurin aiki ya goge. Wannan daga bakinsa na ji, a saƙo, ya kuma roƙe ni kar in ce komai. Baffa Bakari ya ɗauki abin da zafi ƙwarai. Ya ce amana ya damƙa masa, abin da ya rage musu na ɗan'uwansa ke nan a duniya, kuma shi ba zai sa babbar riga ya je nema wa yaron da ya kasa riƙe amanar ubansa 'yar mutane ba. Aka yi ta ba shi baki, ya ce a dai ɗaga, sai ransa ya huce. Aka aiko wa Abba cewa wani uzuri ya taso, ba a faɗi ko mene ne ba, ba a kuma sa wata rana ba.

Abba dai ya ninke tabarmar sallarsa ya shige ɗaki. Umma ce ta yi ta faɗa. Ta ce ta riga ta faɗa wa maƙwabta, ta faɗa wa 'yan uwanta na Gombe, ga cincin bokiti-bokiti, wa zai ci? Ta ce dama ta san mutanen cikin gari da jin kai, suna ganin su jikokin malamai ne mu kuwa 'ya'yan ma'aikatan gwamnati, shi ya sa za su ɗaga mana rana kamar masu ɗaga zaman kotu. Yasmin ta daina yi min magana sai dole. In na shiga ɗaki tana waya da saurayinta sai ta juya baya ta rage murya, amma ina jin tana cewa ita ma ba ta san ranar da za a sake ta ba.

Ranar Asabar ɗin da ya kamata su zo, gidan ya yi tsit. Labule sababbi, kafet mai ƙamshin wanki, ba kowa. Da hantsi na samu Umma a kicin tana tsinke zogale, na zauna a kan kujera 'yar tsugunno na faɗa mata gaskiya tun daga farko. Ban yi zaton za ta gane zancen uwa da 'ya'ya ba, amma ta gane abin da ya kamata. Ta ajiye tiren a hankali ta tura ƙofar kicin da ƙafa.

"Wa kika faɗa wa bayan ni?"

Na ce babu.

"To ki rufe bakinki. Tunda ya ɗauka a kansa, ki bar shi a kansa."

Na ce Umma, saboda ni fa Baffansa yake fushi da shi.

Ta kalle ni, kuma ba faɗa a idonta, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Zakiyya, ni na yi zaman gidan miji, ke ba ki yi ba. Magana ba ta ɓoyuwa a gida. Yau ko shekara goma, sai sun sani. Gidan da kika goge musu uba, kina ganin za ki zauna a cikinsa ki sha ruwa lafiya? Duk ranar da kuka saɓa, ko bai faɗa ba za ki gani a fuskarsa."

Ta ɗauki tirenta ta ci gaba da tsinka. Ta ƙara da cewa Mahfuz ya kira ta jiya yana gaisuwa, ita ba ta ce in so shi ba, ta dai ce in yi tunani. Da yamma kuwa sai ga shi da kwalin lemo da kilishi, shadda fara ƙal tana ɗaukar ido. Na fita da hijabin sallata, fuska ba ko hoda. Ya ce na rame. Ya ce ya sa an dasa mangwaro a tsakar gidansa. Na ce Allah ya raya.

A ofis kuwa ni ce tauraruwa. Sababbin abokan hulɗar sun ga tsarin sun yaba, Oga Mansir yana so a shimfiɗa shi a kan kowace saba da muke da ita. Da ya ji abin da ya faru ya jajanta wa Musaddiq sosai, sannan ya tuna masa a hankali cewa ba a ajiye kayan gida a injin kamfani. Ni kuma na zauna na ƙara wa tsarin sharaɗi: duk ɗan da aka tsinto wanda ba a san mai shi ba, a ware shi gefe, kar a taɓa shi sai wani ya sa hannu. Kafin shayin da ke gabana ya huce na gama rubutawa. Na daɗe ina kallon 'yan layukan nan. Abin da ya raba ni da rayuwar da na tsara ke nan, bai kai tsawon saƙon gaisuwa ba.

Kullum da safe ina buɗe kwamfuta in ga tsarina ya je ya dawo, yana sanar da ni cikin koren rubutu cewa ya samu sabon ɗa, ya samu wani. Bai taɓa kuskure ba. Ni kuwa ko kallonsa ba na son yi.

Musaddiq yana gaishe ni kamar yadda yake gaida Patience. Duk aikin waje da ya taso shi ke ɗaga hannu, Ningi, Misau, Toro, ko'ina ne in dai ba ofis ba. Ya rame, hular ma yanzu daidai yake sa ta. Na daure kwanaki, rannan na kasa, na rubuta masa: "In ka fasa ne ka faɗa min, zan fahimta." Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Sai can amsa ta shigo.

"Ban fasa ba. Ba kuma fushi nake da ke ba, Allah ya sani. In na gan ki ne nake tunawa. Ki ba ni lokaci."

Na karanta ya fi a ƙirga. Ku faɗa min, 'yan uwa, wane lokaci ne zai sa mutum ya daina ganin fuskata? Ita ce dai fuskar da zai riƙa gani kowace safiya in an yi auren.

Jiya bayan azahar ina ɗaki ina ninke kayan wanki, baƙuwar lamba ta kira ni. Na ɗauka da sallama. Muryar dattijuwa ce, a sanyaye, ta ce ko Zakiyya ce. Na ce ni ce. Ta ce ita ce Hajja, mahaifiyar Musaddiq, a wayar ƙanwarsa ta sa aka nemo mata lambata.

Na zame daga bakin gado na durƙusa a ƙasa kamar tana gabana. Na gaishe ta. Ta tambayi Umma da Abba, ta ba da haƙuri a kan ɗaga ranar da aka yi, ta ce ba daga gare ta ba ne, kuma ita tun ranar da aka nuna mata hotona ta ji na kwanta mata. Sannan ta yi ajiyar zuciya.

"'Yata, wata alfarma zan roƙa. Kin ji abin da ya faru da karatun Malam?"

Na ce na ji, Hajja.

"Tun da aka kwashe kaset ɗin nan daga ɗakina ban sake jin muryarsa ba. Ina ta haƙuri, yaron nan yana ce min saura kaɗan, zai sa min a waya in riƙa ji. To ga abin da Allah ya yi. Shi ya ce min ba yadda za a yi, amma na san shi da saurin sallamawa. Kuma da bakinsa ya taɓa faɗa min duk ofishinku babu wanda ya kai ki sanin kan kwamfuta."

Na toshe bakina da gefen zanin da ke hannuna. Sai a lokacin na lura Umma tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai, don wayar tana da ƙara. Ta kafe ni da ido tana girgiza kai a hankali.

Hajja ta ci gaba. Ta ce ba duka take nema ba. Ko addu'ar da Malam yake rufe karatu da ita ce kawai na samo mata, ta ishe ta har ta koma ga Allah. In na yi mata wannan, ita da kanta za ta je ta samu Baffa Bakari, kuma sai ya tako gidanmu da ƙafarsa.

"Ki zo gobe da hantsi, Musaddiq ba ya nan, mu yi magana ni da ke. Za ki zo, 'yata?"

Umma ta ɗora yatsa a kan leɓenta.

Na ce, "Zan zo, Hajja."

Ta yi ta sa min albarka, ta ce Allah ya ba ni 'ya'ya masu jin ƙaina, Allah ya sa hannuna ya zama sanadin farin cikinta. Ina cewa amin, amin, har ta kashe.

Umma ta saki labule ta tafi. Yanzu gari ya waye. Na yi wanka, na sa doguwar riga baƙa da farin mayafi, na zuba dubulan ɗin da aka soya don zuwansu a leda zan kai mata. Mai keke yana ƙofar gida yana jira. Tsohuwar nan tana can ta shimfiɗa min darduma tana sauraron sallamata, ni kuma har na sa takalmi ban san ko ƙarya zan yi mata ba, ko in faɗa mata hannun da take sa wa albarka shi ne ya danna.